Fasin ɗin da Ya Daina Zuwa Hagu

Asabar ɗin da ta wuce ina kwance a falo ina kallon masu sharhin ƙwallo a talabijin, su uku, kowa ya sha kwat, suna neman dalilin da ya sa wata babbar ƙungiya ta kasa haɗa fasin biyar a jere. Na farko ya ce rauni ne, ya shiga lissafo 'yan wasan da ke jinya. Na biyu ya gyaɗa kai, na uku ma ya gyaɗa. Na ce, "Haba malamai, ku dai nemo wani abin!" Matata ta leƙo daga kicin ta ce da wa nake faɗa. Na ce ba kowa, don ni ma na taɓa fakewa da rauni, kusan wata biyu, alhali na san ba shi ne ba.

A shekarun da na fara zama a unguwar Woolwich, nan ƙasar Turawa, tun kafin sabon layin jirgin ƙasan nan ya iso mana, muna da ƙungiyar ƙwallo. Da na ce ƙungiya ma alfarma na yi mata. Mu dai 'yan Arewa ne wajen goma sha shida: masu gadi, ɗalibai, likitan yara guda ɗaya, da ma'aikatan ƙaramar hukuma irina. Juma'a ta masallaci ce, Lahadi ta coci, sai muka tsaya a kan safiyar Asabar, a wani fili da ba shi da nisa da kasuwa. Muna karawa da 'yan Gana na unguwar Deptford da duk wanda ya yarda ya fito cikin sanyi. Ciyawa a jiƙe, yatsu sun ƙage, wani ya zo da shayi a filas, wani da ƙosan da matarsa ta soya, ana ta tsokanar juna da Hausa da ƙarfi ba mai kallonka. Wallahi har yau ban sake samun safiya mai daɗin waɗannan ba.

Kyaftin ɗinmu mutumin Jos ne, direban bas, ya ba ni kusan shekara ashirin. Duk Yaya muke ce masa. A gida ya taɓa buga wa ƙungiyar jiha, kuma kana ganin yadda yake taɓa ƙwallo ka san ba cika baki ba ne. Ba ya gudu, ba ya ma son mai yawan gudu. A tsakiya yake tsayawa, ƙwallo ta zo ya ɗora mata ƙafa, ya ɗaga kai, sai kawai ka gan ta a gabanka kamar an miƙo maka da hannu. Ni nake buga lamba sha ɗaya, gefen hagu. Ba wani iya wasa na yi ba, gudu kawai Allah ya ba ni, amma albarkacin fasin ɗinsa har 'yan Deptford suka riƙa cewa a kula da dogon nan. Shi kuwa Bakatsine yake kirana, ya ce ina gudu kamar kare ya biyo ni.

Wani hunturu wani ɗan baya ya taka shi, gwiwarsa ta dama ta kumbura, ya yi sati shida bai zo fili ba. Da ya dawo ya dawo da bandeji, mu kuma wasanmu ya lalace. Sau huɗu a jere aka lallasa mu. Ƙwallo ba ta fita daga tsakiya yadda ta saba, in ta fita ma gefe ɗaya take bi, abokan karawa su taru can su tare. Kowa ya ce gwiwa ce. Likitanmu, wanda yara yake dubawa amma a fili ya zama gwanin ƙashi, ya yi mana dogon bayani cewa in gwiwa ba ta ɗaukar nauyi fasin ba ya tafiya daidai. Aka sha shayi, aka ce Allah ya ƙara sauƙi, magana ta ƙare.

Ni ban gamsu ba, amma ba don na fi kowa basira ba. Haushi ne ya sa na lura. Wanda ke buga gefen dama yana samun fasin ɗinsa lafiya lau, har ya fi da. Ni ne zan yi gudu in buɗe, in ɗaga hannu har kafaɗata ta gaji, Yaya ya ɗaga kai ya juya ya ba wa wani. Wace irin gwiwa ce ta san dama ba ta san hagu ba? Na ce lallai mutumin nan yana riƙe da ni. Na tuna ranar da ƙungiyar da yake goyon baya ta sha kashi, na tsokane shi a gaban jama'a har na wuce gona da iri. Bayan wani wasa na same shi yana kwance igiyar takalmi, na durƙusa na ce, "Yaya, in na yi maka wani laifi don Allah ka yafe mini."

Ya dube ni ya yi dariya. "Laifin me, Bakatsine? Gwiwar nan ce kawai."

Raina ya ƙara ɓaci. Na ce a zuciyata, to shi ke nan, babba ne amma ba zai faɗi gaskiya ba. Sati biyu ina gaishe shi a daƙile.

Wata Laraba da rana na fita zuwa Deptford sayen busasshen kifi da garin tuwo, na tsaya jiran bas. Da ta zo, ashe shi ne a kan sitiyari. Na shiga na taɓa katina na ce, "Yaya, barka da aiki." Sai ya zabura. Ya juyo da wuya da kafaɗa gaba ɗaya kafin ya gane ni, alhali ina tsaye dab da shi. Muka gaisa, na nemi kujera a gaba na zauna.

A ƙasar nan direba a dama yake zama. Ƙofar fasinja, bakin titi, masu jiran tsallakawa, masu keke, duk ta hagunsa suke. Tasha bayan tasha ina kallonsa: kafin ya tashi sai ya murɗa kansa duka ya dubi madubin hagu, kamar mai ciwon wuya. Can kusa da wata mahaɗa wata mata a kan keke ta biyo gefenmu. Ni na gan ta tun tana baya. Shi bai gan ta ba sai da ta ɓullo gaban gilashi, ya taka birki, mutanen da ke tsaye suka yi gaba suka dawo. Ba abin da ya same ta, ba ta ma san an yi ba. Ni kuwa a nan na fara zargin idonsa na hagu, ina ta tunani har na wuce tashar da zan sauka.

Asabar na ce bari in gwada. Na ruga gefen hagu na ɗaga hannu ban ce uffan ba, ya ba wa na dama. Karo na biyu na buɗe maƙogwaro na ce, "Hagu, Yaya!" Bai ko ɗaga kai sosai ba, ya murza ta da wannan ƙafar mai bandejin, sai ga ta a gabana, irin ta da, ba sai na rage gudu ba. Na ci. Muka ci wasan. Aka rungume shi ana cewa gwiwa ta warke, likita yana cewa ai da ma ya faɗa, lokaci kawai take so.

Gwiwar fa ta ji ciwo da gaske, ba ƙarya ba ne. Ita ta hana shi juyi da sauri, ita ta sa yake fita kafin a tashi. Da can, ina jin, saurin juyawar ne yake rufe masa abin da idon ya fara rasawa, da gwiwar ta gaza sai abin ya fito fili. Amma ba ita ta hana shi ganina ba. Mun sami dalilin da ba ya kunyata kowa, muka riƙe shi hannu biyu.

Nan ne na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na yi shiru. Kowace Asabar ina ihu, fasin yana zuwa, muna cin wasa, ana yabona. Ta yaya zan dubi mutumin da ya girme ni haka in ce masa idonka na mutuwa? Kuma na san me bas ɗin nan take a wurinsa. Shekara ashirin yana tuƙi, rigar aikinsa kullum a goge, yana alfaharin cewa bai taɓa ko gogar madubin wani ba. In aka duba idon aka ga abin da nake zargi, lasin ɗinsa ya tafi. Da likita ya tambaye ni me ya sa nake ihu kamar mai tallan gwanjo, da bakina na ce masa, "Gwiwarsa ce ba ta barinsa ya waiwayo."

Mura ce ta tona mini asiri. Wata Asabar na zo fili muryata ta dushe, ko sallama da ƙyar take fita. Minti casa'in ina gudu a gefen hagu, fasin ko ɗaya bai zo ba. Ana dab da tashi wani ɗan Gana ya taho masa ta hagu, ba da gudu ba ma, Yaya ya juya suka yi karo, duka suka faɗi. Aka yi dariya, aka ɗaga su. Ni ban yi dariya ba. Ina tsaye ina tunanin cewa jibi Litinin zai hau titi da mutum saba'in a bayansa, kuma ba wanda zai yi masa ihu.

Na jira kowa ya watse. Yana zaune a kan benci yana warware bandeji, na zauna kusa da shi. Da wannan muryar tawa mai kama da ta kwaɗo na ce, "Yaya, ba gwiwa ba ce."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da naɗe bandejin a hannunsa, a hankali, har ya gama.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da na hau bas ɗinka."

"Ka gaya wa wani?"

"A'a."

"To kar ka gaya. Ina kula. Ina juyawa ina dubawa, ai ka gani."

Na ce na gani, na kuma ga matar nan mai keke. Na ce, "Ka je asibiti a duba maka idon cikin satin nan. In Asabar ta zagayo ba ka je ba, wallahi zan je in sami Anti in faɗa mata." Matarsa ke nan, wadda muka sha cin gwatenta a gidansu.

Sai a lokacin ya juyo, da jikinsa duka, ya zuba mini ido. "Ni kake ba wa sati ɗaya? Kai yaushe ma ka zo ƙasar nan?" Ya ɗauki jakarsa ya tafi. Na bi shi da kallo yana ɗingishi har ya fita ƙofar filin.

Ya je. Ba shi ya gaya mini ba, Anti ce ta kira ni bayan kwana goma. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa ba zafi ba ƙaiƙayi. Na hagun ya riga ya yi nisa, na daman an tare shi da maganin ɗigawa. Ta ce likitan ido ya ce da an ƙara jinkiri da shi ma ya bi. Ta yi mini godiya tana kuka. Na ce ko zan iya gaishe shi, ta ce yana hutawa.

Ya ajiye tuƙi. Bai sake zuwa fili ba, na kira wayarsa ya fi sau goma bai ɗauka ba. Da labari ya bazu, wasu suka ce na kyauta, wasu suka ce ina ruwana, mutum da sana'arsa. Ƙungiyar ma ba ta daɗe ba bayansa. Mun nemi wanda zai tsaya a tsakiya mun rasa, aka koma buga ta sama ana bi da gudu, sannan wannan ya koma Croydon, wancan ya koma gida, masu zuwa suka ragu har ranar da muka tsinci kanmu mu biyar da filas ɗin shayi. Na yi kewar wasan, amma kewar mutumin ta fi damuna. Akwai ranakun da na ce da na sani na bar likita ya faɗa masa, ko wani sa'ansa, ba ni ba.

An fi shekara, wata safiya na hau bas zan tafi aiki. Ta cika, na kutsa ina neman inda zan riƙe, sai na gan shi. Yana zaune a kujerar farko ta bayan direba, da hular sanyi, da ledar cefane a cinya. Ya rame kaɗan. Idonsa na kan titi, kuma duk lokacin da muka doshi danja sai in ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa.

Na tsaya a hagunsa, tasha ɗaya, tasha biyu, bai san ina wurin ba. Zan iya sauka ban ce komai ba, kuma na yi niyyar hakan. Sai dai na ji bakina ya ce, "Yaya, ina kwana."

Ya juyo a hankali. Ya daɗe yana kallona, ba fara'a ba fushi. Sannan ya miƙe da ledarsa ya fito tsakiyar hanya, ya nuna mini kujerar jikin taga.

"Shiga ciki, Bakatsine," ya ce. "Zauna ta dama, in riƙa ganinka."