Sakwarar da Yaya Ɗanladi Bai Ƙi Ba

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Ɗanladi, manomin doya a Chaza, amma har yau in na ji ana kirɓa sakwara da yamma sai in tuna da shi.

Ciwon daji ne ya toshe masa maƙogwaro, har ruwa ya daina wucewa. A wani babban asibiti aka zura masa bututun roba a hanyar abinci. Likita ya ja mana kunne: kunu, koko, romo, shi ke nan. Abu mai danƙo zai toshe bututun, ko ya ture shi daga mazauninsa. Yaya ya ce ya ji, amma ya hana mu gaya wa kowa. Shi mutum ne da ya gwammace a zage shi da a ce masa "sannu".

A lokacin ana ciyayya a unguwarmu. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gida, a haɗa a ci. Yaya kuwa yana ɗaki yana shan kunu kamar mai jego, yana jiyo dariyarsu ta katanga. Ranar da aka fara haƙar sabuwar doya ya fita. Malam Bulus, malamin firamare ɗan Filato da ke haya kusa da mu, ya turo masa kwanon sakwara da murnarsa.

"Bismillah, Baban Hauwa. Doyar gonarka ce fa."

Na taɓa wa Yaya gwiwa. Ya ture hannuna, ya ce, "Kai kuma yaushe ka zama likita?" Ya gutsura, ya haɗiye.

Bututun ya toshe, ya kuma goce. Tari ya sarƙe shi, abinci ya bi ta huhu, zazzaɓi ya rufe shi. Ana tsakiyar wahalar fetur ta zamanin soja, kafin mu samu motar da za ta mayar da shi asibitin, rai ya yi halinsa. Malam Bulus ya zauna a zaure yana kuka, yana cewa me ya sa ba wanda ya gaya masa.

An ce bututun da ake sawa yanzu ya fi na da, kuma na yi wa masu ciwon murna. Amma da Yaya zai leƙo Chaza yau, ba wannan zai tambaya ba. Zai ce ina ake ciyayya, ni kuma in ce masa an daina, don kowa ya ja get ya kulle, yana ci yana latsa waya.

Na daɗe ina jin haushin Yaya, ba na ɓoyewa. Yanzu da likita ya hana ni gishiri, ake kawo mini kwanona daban a ɗaki, haushin ya tafi, sai kewa. Allah Ya jiƙan Yaya. Ya san abin da zai biyo bayan lomar nan sarai, gajiya kawai ya yi da ci shi kaɗai.