Buhun Citta a Ƙofar Kocinmu

A gasar ƙwallon unguwanni da muke bugawa, akwai dokar da kowa ya haddace: da zarar an shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, babu ƙungiyar da za ta nemi kocin wata sai an ɗaga kofi. Ni ne golan Barnawa a shekarar, kuma gidana yana kallon na kocinmu.

Saura mako guda mu kara da Romi a wasan kusa da na ƙarshe, na ga shugaban ƙungiyarsu yana sauke buhun citta daga Keke Napep a ƙofar kocin. Ran Lahadi bayan sujada na tambayi kocin, sai ya ce, "Haba, surukina ne fa." Shekara shida muna maƙwabtaka, ban taɓa jin yana da surukai a Romi ba.

Ran wasa kocin ya ajiye babban ɗan wasan gabanmu a benci, wai ƙafarsa ba ta warke ba, mutumin da na gani da safe yana tura mota. Aka zura mini biyu. Na kai ƙara gaban kwamitin gasar, suka ce citta ba hujja ba ce.

Romi ta ɗauki kofi. Washegari sai ga kocinmu a filinsu cikin sabuwar riga mai launin ƙungiyar, wai shi mai bin doka. Ina ganin rigar na gane ɗinkin ƙanwata, don shagonta a Romi yake. Na tambaye ta yaushe ya zo awo.

Ta ce, "Ai tun kafin wasanku ne, Yaya. Har cewa ya yi in gaishe ka."