Gonar Baba Daga Sama

Ƙanena ne ya aiko mini da ita daga Legas. Laftof ce, amma ba irin wadda na saba gani ba. In ka danna wani maɓalli sai ta yi ɗan gurnani, fuskarta ta warware ta yi sama, don a naɗe take a ciki kamar tabarma. Na kira shi a waya na ce, “Kai don Allah, mu da muke kai waya caji shagon mai sola, wannan ce ta kamace mu?” Dariya kawai ya yi. Na ajiye ta bisa kabad ina jin haushi.

Damina uku ke nan da muka baro ƙauyenmu, can bayan Gatawa, tun da 'yan bindiga suka hana noma. Baba yana ɗaki ɗaya a gidana a Sabon Birni. A wurinmu gona ba ta da takarda. In mutum ya ji girma ya zo, sai ya ɗauki babban ɗansa bayan girbi su zagaya iyaka da ƙafa, yana nuna masa. Ni ne babba. Shekara da shekaru Baba yana kira na, ni kuwa ina ta kawo uzurin makarantar da nake koyarwa, yau jarrabawa, gobe taro. Wawa ni! Ina wannan jan ƙafa har hanya ta rufe.

Wata rana aiki ya kai ni Sakkwato, na tafi da laftof ɗin, na sauko da hoton yankinmu daga intanet, wanda tauraron ɗan'adam ya ɗauka. Gonarmu doguwa ce, daga bayan gari har bakin fadama. Na taɓa gwadawa a waya, ba ta shiga sai an ƙanƙance ta har itatuwa su ɓace. Da na warware fuskar nan kuwa, sai ga gona gaba ɗaya a tsaye. Ranar ce kaɗai na sa wa ƙanena albarka a kan wannan kaya.

Da na dawo gida, da hantsi na ajiye ta gaban Baba a zaure.

“Mi a wanga?” in ji shi.

“Gonarka ce, Baba.”

Ya daɗe yana kallo. “Ni hwa ban taɓa ganin gonata daga bisa ba.”

Sai can ya gane burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Ya gyara zama. Daga burtalin ya samo babban gawo, ya ɗora yatsa ya fara bi. Na ce masa kada ya danna, fuskar nan laushi gare ta, ba gilashi ba ce.

“To da mi za ni gwada maka? Da hanci?”

Na ɗauki biro. Yamma burtali ne. Arewa layin gamba, ga shi nan siriri a hoton. Kudu bakin fadama. Ina rubutawa ina murna, wallahi har na fara ganin kamar na wanke laifina.

Da muka zo gabas aka tsaya. Iyakarmu da maƙwabci a can ba layi ba ce. Shuri ne, da kututturen tsamiya, da wani dutse da kakana ya binne rabi. Ba ɗaya da ake gani daga sama. Baba ya ce nan ne, ya ce a'a, nan ne, yana ta matsa farce yana neman abin da babu a hoton. Sai wani baƙin tabo ya fito ƙarƙashin yatsansa ya bazu, ya cinye gefen gabas. Na danna maɓalli, ta yi gurnani, ta ƙi naɗewa.

Mai gyara a kasuwa ko taɓa ta bai yi ba. “Malam, ko Sakkwato ba mai iya wagga.” Ƙanena ya ce in aiko Legas. Haba! Wane direba zai ɗauki kwamfutar da ba ta rufuwa a hanyar da ake tare mota ana neman ma'aikacin gwamnati? Abokan aikina sukan tambaye ni ko tana da amfani. Nakan ce tana da shi, a garin da ke da mai gyara, ga mutumin da abin da yake nema yana cikin hoto.

Maƙwabcin nan na gabas ya tsallaka Nijar da iyalinsa, ba mu da labarinsa. Baba ya ce mini, “Bar shi, in hanya ta buɗe za ni kai ka da ƙahwa.” Na ce to, Allah ya kai mu. Yanzu ko masallacin ƙofar gida za shi, sai an riƙe shi. Abin yana ci na, kuma ba ni da wanda za ni ɗora wa laifi.

Kwanan baya na zauna kusa da shi na ce ya faɗa mini gabas da baki kawai. Ya ce in ka taso daga gamba, shuri za ka fara tararwa, sannan tsamiya. Washegari na sake tambaya don in tabbatar. Ya ce tsamiya, sannan shuri, ya kuma yi mini faɗa wai ba na saurare. Na rubuta duka biyun a takarda ɗaya.