Irin Kubewar Inna a Saman Benen Najma

Da zan taho Doha ƙanwata ce ta haɗa mini kaya, don a lokacin wata biyar ke nan da rasuwar Inna. Ta sa kuka da daddawa da yaji, sannan ta kawo wani ɗan ƙulli ta cusa a cikin safata. Irin kubewar Inna ne. Gajeriyar kubewa ce mai kauri, wadda Inna ta taho da ita daga gidan iyayenta, take shuka ta a bayan ɗaki kowace damina. A filin jirgi na yi ta gumi, ina tsoron ko shiga da iri laifi ne a ƙasar mutane, har na yi niyyar in kai kaina wurin jami'i in faɗa masa. Ba wanda ya tambaye ni, na wuce da abuna.

Ban fi wata uku da zuwa ba ƙanwata ta kira ni. Ta ce ta buɗe ƙwaryar da sauran irin yake ciki ta tarar ƙwari sun mayar da shi gari. Bayan ɗakin ma yayanmu ya ja katanga ya yi shago a wurin. Ta ce wanda ke hannuna shi kaɗai ya rage, in yi ƙoƙari in shuka, in ya bushe in aiko mata ta raya shi a gidan mijinta. Na ce mata to. Daga ranar ƙullin nan ya zame mini kaya a ka. Kullum kafin in fita aiki sai na buɗe akwati na taɓa shi, wani lokaci har na kai bakin titi in komo in duba ko na rufe akwatin da kyau.

Mu shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Najma, kan gadaje masu hawa biyu. Ni gadi nake yi a wani gidan haya a unguwar Bin Mahmud, tsayuwa tun safe har yamma. Babbanmu a ɗakin wani dattijo ne direba, haifaffen zangon Kumasi, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba a rayuwarsa amma ya iya tukunya fiye da mata da yawa. Baba muke ce masa. Shi ya koya mana cin abinci mai kyau da abin da wasu suka raina: wuyan kaza da ƙafafunta, tumatirin da ya fara laushi aka ware shi gefe a kanti, kan kifi, busasshen burodi da yake jiƙawa ya soya da albasa. Tukunya ɗaya muke yi, kuma dokar ɗakin ita ce abin da ya shigo hannun ɗaya na kowa ne. Kukata da daddawata a haka suka ƙare, ban ji komai ba.

Ni ba na iya zama a wurin da ba shi da kyan gani. Na zagaye gadona da labulen tsohon zanin Inna. Na kife kwali na lulluɓe shi da leda mai furanni ya zama tebur. Ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin labulen na yayyanka su, na ɗaure a kan ƙusoshin bango da mariƙin ƙofa da ƙarfen gado, don kada tsatsa ta ɓata wa mutane kaya, kuma don ido ya samu abin kallo. Saboda wannan Baba ya sa mini suna Amarya. In na shigo sai ya ce a matsa, uwar ɗaki ta dawo.

Saman benenmu fili ne na siminti da tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Wani mutumin Bangaladash da ke ɗakin kusa da namu yana da shuke-shuke cikin bokitai a can, nan na ga ashe ana iya shuka a garin nan. Na roƙi mai kula da gidan ya ba ni kusurwa, ya ɗaga mini hannu alamar in je in yi. Washegari na koma na sake tambayarsa, don ban tabbata ya fahimce ni ba. Bokitan fenti na samo a wani wurin gini inda aka zubar da su, na huda gindinsu da ƙusa mai zafi, na kankare su. Ƙasa kuwa saye ake yi a buhu, abin da na kasa faɗa wa mutanen gida don kada su ce na fara ƙarya. Na gauraya ta da yashi da ganyen shayin da muka sha da ɓawon ƙwai.

Ruwa ne ya fi ba ni wahala a zuci. Na famfo na mai gida ne, kuma an ba mu shi don sha da wanka, ba a ce don noma ba. Sai na tara galan a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, inda ruwa ke ɗiga yana bin bango. Shi ma na yi kwanaki ina tunanin ko na wane ne. Bayan sallar Juma'a na tare limamin masallacin unguwa, na sa wani ya yi mini tafinta. Liman ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi, ya ce ruwan da ke zuba a titi in na tare shi lada ma zan samu.

Kuskuren farko nawa ne ni kaɗai. Da watan shida ya kama aka fara turo mana hotunan ruwan farko daga gida, kowa ya fita shuka. Jikina ya ƙi zama. Mutumin Bangaladash ya same ni ina tona ƙasa da cokali, bokitansa duk a kife. Ya nuna mini rana, ya girgiza kai, ya lissafa watanni huɗu da yatsunsa. Na gane abin da yake nufi sarai. Amma na tuna Inna tana cewa iri in ya tsallake damina ƙarfinsa raguwa yake yi, kuma wannan ya riga ya tsallake ɗaya. Na ji tsoron jira fiye da tsoron rana. Na shuka fiye da rabi.

A kwana na huɗu suka tsiro, kore shar, kowanne da kunnuwa biyu. Kafin kwana goma sun kwanta. Da azahar bokitin ba ya taɓuwa da hannu, ƙasar ciki kamar an sauke ta daga murhu. Maimakon in haƙura sai na ce inuwa ce babu, na kafa rumfa da tsohon bargo na sake shukawa. Waɗannan ko mako ba su yi ba. Da na kwance ƙullin na ga ƙwaya tara suka rage. Na zauna a bakin gado ina kallonsu a tafin hannuna har Baba ya tambaye ni ko an yi rasuwa ne a gida. Na ce masa lafiya lau, kubewa ce ta ƙone. Ya ce kubewa kuma, ga ta nan jibge a kanti.

Sai da na ga maƙwabcin nan ya tayar da bokitansa a watan goma sannan na shuka taran, ɗaya bayan ɗaya, da bisimilla a kan kowace. Huɗu suka fito. Tantabaru suka tsinke biyu tun suna ƙanana, na rufe sauran da ragar buhun albasa. Biyun nan suka tashi har ƙuguna. Kafin in tafi aiki in hau in duba su, in na dawo ko takalmi ban cire ba sai na hau. A watan sha biyu fure ya buɗe, ruwan ɗorawa mai jan ciki, irin wanda na sani tun ina rarrafe. Sanyi ya fara shigowa, furanni da yawa suka zube ba su ɗaure ba. Guda biyar ne suka zama 'ya'ya.

A gidanmu, kubewar da aka bar wa iri ana ɗaura mata tsumma a wuya. Ko yaron da bai iya magana ba ya san ba a taɓa mai tsumma, ana barinta a jikin uwar har ta bushe ta fara tsagewa, iri ya yi baƙi yana kaɗawa a ciki. Duk wadda ta fito a cikin biyar ɗin nan sai na ɗaura mata jan ƙyalle. Ban yi wa kowa bayani ba, don ban taɓa zaton akwai mai jin Hausa da bai san wannan ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Baba ya sha tambayata yaushe za mu ci amfanin gonar sama. Da na ce masa wannan ba ta ci ba ce, ta iri ce, da magana ta ƙare. Amma shekara guda ina cin girkin mutumin nan, yana ɗebo mini nama daga gabansa in ya ga na rame. Na ji nauyin in ce masa ga abu nawa wanda ba na kowa ba. Na ji tsoron a ce ɗan Najeriya ya yi rowar kubewa biyar. Sai in ce masa saura kaɗan, Baba. A raina ina nufin saura kaɗan ta bushe, kuma na san ba haka zai ɗauka ba. Na bar shi a kan haka.

Wata ranar Alhamis zazzaɓi da mura suka kwantar da ni. Kwana biyu ban hau sama ba, abinci ma ya ƙi shiga. Ranar Asabar da la'asar ina kwance a bayan labule na ji ƙanshin daddawa, sannan aka yaye labulen. Baba ne da kwano a hannu, tuwon semo da miyar kubewa ɗanya.

"Amarya, yalla, tashi ka ci," in ji shi da Hausarsa ta zango mai haɗe da ɗan Larabcin garin. "Na hau gonanka na tsinko shi duka. Na ga har ɗankwali ka ɗaura mai, na ce to, an gama kwalliya, sai kai wa ango."

Sauran 'yan ɗakin suka yi dariya. Ya ce uku ne suka yanku, ya ƙara da ta kanti don ta isa, biyu kuwa sun tsufa sun zama itace, wuƙa ma da ƙyar ta shiga, ya watsar. Ya yi mini faɗa a kan barin abinci ya lalace a jikin itace. Ya ce daddawar ma sai da ya je har unguwar Al Rayyan wurin wani ɗan garinsu ya roƙo, don ya san bakin mara lafiya abin gida yake so.

Na karɓi kwanon. Na yi bisimilla na kai loma. Ko da an gauraya ta da ta kanti na gane ta, da yauƙinta da ɗan zaƙin nan da ke zama a bayan harshe. Baba yana tsaye a kaina yana jira.

"Ya yi?"

"Ta yi, Baba. Allah ya saka da alheri."

Na cinye tas, don ban ga abin da zan yi da ita ba in ba ci ba, kuma zubar da ita ya fi ƙarfina. Da suka fita sallar magariba na lallaɓa zuwa kwandon shara na tono biyun da ya watsar. Ya riga ya tsaga su. Irin ciki fari ne fat, da taushi, bai ƙosa ba. Duk da haka na wanke shi na shanya a kan takarda a ƙarƙashin gado. Cikin kwana uku ya yamutse ya zama kamar ƙaiƙayi.

Na sa rai itatuwan za su sake fure. Sanyin watan ɗaya ya zo da iska mai ƙarfi, wani farin abu kamar toka ya hau ganyen, suka yi rawaya suna zuba ɗaya bayan ɗaya. Na wanke su da ruwan sabulu, na kewaye su da kwali, na ja bokitan zuwa inda rana ke faɗowa. Kafin watan ya ƙare sanduna biyu ne tsaye a cikin ƙasa.

Na yi mako biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa kafin na kira ƙanwata. Na faɗa mata komai, har shukar watan shida da na yi bayan an hana ni. Ban ɗora wa Baba ba, don ba shi da laifi. 

"Yaya, kai dai ka ci?" ta ce.

Na ce na ci. Ta ce to, ta ji, Allah ya jiƙan Inna. Daga baya ta shiga mota ta je ƙauyen su Inna, ta bi tsofaffi gida gida tana tambaya. Suka fito mata da iri kala kala, ta karɓo ta shuka da damina. Da suka yi 'ya'ya ta turo mini hoto. Dogaye ne sirara, ba ita ba ce.

Bokitan na ba mutumin Bangaladash, ya shuka barkono a ciki. Baba har yanzu muna ɗaki ɗaya, kuma ban faɗa masa ba. Wani lokaci ina ganin haƙƙinsa ne ya sani, wani lokaci in ga in ya sani na ɗora wa dattijo nauyin da nawa ne. In yana yanka kubewar kanti yakan tsaya ya ce bai taɓa cin kubewa irin ta gonar sama ba, yaushe za a sake. In ce masa iri ya ƙare. Sai ya ce, "To ka ce a aiko maka daga gida mana, Amarya." Ni kuma in ɗauki albasa in hau yanka masa.