Takarda Mai Hatimi a Bayan Littafi

Hamma Sajo, yayana, mutum ne da in rediyo ta faɗi magana, to ta zauna. Shekara talatin yana noman gyaɗa a Sahuda, rediyonsa na rataye a reshen bishiya. Bai yi boko ba, shi ya sa ya ɗauki karatun 'yarsa Juwairiya kamar ransa.

Shekarar da ta shiga ajin ƙarshe a kwaleji a Mubi, ya ji an ce gwamnati ta zuba littattafan karatu a intanet, kowa ya ɗauka kyauta. Har gidana ya zo yana washe baki. "Kin ji? Akuyata ta tsira!" Ita kaɗai ta rage masa, da ma ya ware ta ne don littattafan bana.

Na ce, "Hamma, kyauta a ƙasar nan? A dai bincika." Ya ce ni bakina ba ya faɗin alheri.

Littafin kam yana nan, ban yi musu ƙarya ba. Sabis ne babu sai a kan tudu, ƙetaren mayo, wato kogin garinmu. Duk Asabar zai goya ta a babur su hau, tana sauke babi-babi a waya, shi yana riƙe mata lema. Yarinyar nan ta yi karatu har idonta ya dinga ruwa.

Sai ga wani malaminsu ya ce ba ya karɓar aikin gida sai a kan takarda mai hatimi da ke manne a bayan nasa littafin na sayarwa. Juwairiya ta faɗa wa ubanta. Ya ce, "Malami ya fi gwamnati ne? Rubuta a farar takarda." Ta rubuta, aka ƙi karɓa. Sakamako ya fito ta faɗi darasin, sai ta maimaita shekara guda, ƙawayenta kuwa sun gama.

Hamma ya saka babbar rigarsa ta Juma'a, ya ja Juwairiya har ofishin malamin, ya miƙa masa waya. "Malam, ga littafin, duk yana kanta. Tambaye ta ko'ina."

Malamin ko kallon wayar bai yi ba. "Baba, ban ce ba ta sani ba. Ina takardar?"

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Haba! Waɗanda suka zuba littafi kyauta, ba wanda ya leƙo aji ya ga abin da ake karɓa?

Da aka koma makaranta Hamma ya kai akuyar kasuwa da kansa, ya dawo da littafin malamin a leda. A gabana Juwairiya ta juya shi, ta yage takardar bayan. Ta ce, "Goggo, ita ke nan fa."

Sauran littafin yana ƙarƙashin ƙafar teburina, yana hana shi rawa. Ba wanda ya taɓa buɗe shi, don abin da ke ciki tana da shi a ka tun bara.