Rijiya Mai Numfashi

A shekarun da na yi ina karatu a Alƙahira na yi wa marasa lafiya da yawa tafinta, har fuskokin wasu sun gauraye mini. Amma tafiyar da na yi da wata Hajiya da mijinta zuwa bakin teku, wannan kam ko tsufa ya cinye ni ba na jin za ta fita daga raina.

Lokacin ina zaune a unguwar Hayyus Sabi' tare da wasu ɗalibai mata 'yan gida. Idan mutanenmu suka zo neman magani, mu ake nema mu raka su asibiti, tunda likita na Larabci su suna Hausa. Haka aka haɗa ni da su: Hajiya, da mijinta da kowa ke kira Baba, da babban ɗansu, daga Gusau. Ciwon mantuwa ne ya kama Baba. Jikinsa garau, yana cin abinci, yana sallah idan an tsayar da shi, amma matar da suka tsufa tare ta zame masa baƙuwa. In ta miƙa masa ruwa sai ya russuna ya ce, "Na gode, Hajiya. A gaida maigidan." Ita kuma ta ce zai ji, ta juya da kofinta.

Bayan gwaje-gwaje likita ya faɗi gaskiya: babu magani, sai lallaɓawa, su koma gida. Ni na fassara, kuma ban taɓa jin Hausa ta yi mini nauyi a baki kamar ranar ba.

Da muka koma masaukinsu, Hajiya ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Ta ce, "'Yata, wata alfarma nake nema, kada ki yi mini dariya." Ta ba ni labari cewa a ƙuruciyarsu Baba shi ne mai haska fim a silimar garinsu. Ita matar aure ce, ko ƙofar silima ba ta taɓa takawa ba. Sai dai duk dare in ya tashi aiki yakan shigo da tsire a takarda, ya tashe ta, ya ba ta labarin fim ɗin tun daga fari har ƙarshe. A ciki akwai wani na Larabawan Masar da ya fi so, inda saurayi da budurwa ke haɗuwa a bakin teku, kusa da wata rijiya da ke cikin dutse, ruwanta na hawa yana sauka kamar tana numfashi. Yakan ce wata rana sai ya kai ta ta gani.

"Ga shi Allah ya kawo mu ƙasar," in ji ta. "Ko sau ɗaya ne ina so ya dube ni ya san ni ce, kafin mu koma. Wataƙila in ya ga wurin."

Na tambaye ta sunan fim ɗin, ta ce ina ta sani. Na ce 'yan wasan fa? Ta ce budurwar dai an ce tana da gashi. A raina na ce yau ake yin ta, ni da aka turo karatun hadisi na koma farautar rijiyar silima a ƙasar da kusan kowace mace ke da gashi. Ɗan nasu ma da ya ji bai ɓoye ba. Ya ce, "Haba Inna, mutumin da bai gane ɗakinsa ba, shi zai gane teku?" Ta ce masa ai ba shawara ta nema ba.

Wadda ta warware mana ita ce tsohuwar da ta ba mu hayar gida, Bamisriya mai zama a hawan ƙasa, wadda talabijin ɗinta ba ya barin tashar tsofaffin finafinai. Ina ambatar rijiya mai numfashi ta dafe ƙirji. "Ya binti, ai a Iskandariyya take! Rabin masoyan finafinanmu a can suka yi kuka." Ta kwatanta mini unguwar, ta haɗa ni da saƙon gaisuwa ga teku.

Muka hau jirgin ƙasa da safe. Hajiya ta sa wa Baba farar shaddarsa da hular da ta ce ya fi so, ita ma ta sha lalle kamar mai zuwa biki. Duk hanya tana leƙen taga, shi kuwa yana tambayar ɗansa ko an kusa Funtuwa.

Da muka isa, sai na ga wurin ba kamar na labarin ba ne. Dogayen benaye sun tsaya a bayan wurin, motoci na ta ƙaho, masu gasa masara na kira, samari na ɗaukar hoto da waya. Rijiyar tana nan, an kewaye ta da ɗan gini. Hajiya ta leƙa, daidai lokacin da igiyar ruwa ta shigo ta ƙarƙashin dutsen, ruwan ya taso da gurnani ya sake komawa. Ta ja da baya tana salati. "Ashe da gaske ne! Wallahi duk shekarun nan na ɗauka ƙarin gishirinsa ne."

Ta kamo hannun Baba ta ce, "Malam, duba. Ga rijiyarka." Bai ko kalla ba. Hayaniyar ta firgita shi, ya fizge hannunsa ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni ina da iyali." Sannan ya fara neman hanyar gida. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Khalas, mu tafi." Da Larabcin da ta tsinta a asibiti ta faɗa, wai don ta ba mu dariya, amma babu wanda ya yi.

Ɗan ya ce bari ya nemo mota. Rana ta yi zafi, sai na roƙi wani mai shayi da ke da 'yar rumfar katako a gefen dutsen ya bar tsohon ya zauna a ciki. Ya ce ma'alish, wato babu komai, ya jawo masa kujera. Rumfar duhu ce, ga ƙarar injin sanyaya lemo, kuma a bangon da ke fuskantar teku akwai wata 'yar taga da ba ta fi faɗin littafi ba.

Baba ya zauna jim, sai ya miƙe. Ya je ya kafa fuskarsa a tagar nan, ya rufe ido ɗaya. Ta cikinta babu bene, babu mota, sai dutse da rijiya da ruwa. Hannunsa na dama ya ɗaga yana murɗa wani abu a iska a hankali. Hajiya ta damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Ta raɗa mini cewa haka ya sha faɗa mata: shi bai taɓa kallon fim a kujera ba, ta 'yar kafar ɗakin majigi yake gani, a tsaye, cikin duhu, inji na ƙara a kunnensa.

Can ya juyo ya dube ta. Duban sani ne, ba irin wanda muka saba gani ba. Ya ce, "Ke, kin yi barci ne? Tashi ki ji na yau."

Ta ce, "Idona biyu, Malam."

Ya zauna, ita ta zauna a kan akwatin lemo a gabansa, ya fara: yadda budurwar ta riga zuwa, yadda iska ta ɗauke mata gyale, yadda saurayin ya makara. Inda ya kakare sai ta ɗora masa, ya ce, "To wa ke ba da labarin, ni ko ke?" Tana dariya hawaye na zuba. Mai shayi ya tambaye ni me suke cewa, na buɗe baki na kasa, karo na farko da tafinta ta gagare ni. Ɗan ya dawo yana cewa mu taso mota na jira, ya tsaya a ƙofa ya ji muryar ubansa, sai ya koma ya sallami direban.

Ba zan yi ƙarya in ce ya warke ba. Kafin jirgi ya shigo da mu Alƙahira ya koma kiranta Hajiya, har ya sake ba ta saƙon gaisuwa ga maigidan. Na dube ta cike da tausayi, ta murmusa ta ce, "Bar shi, 'yata. Na samu guzuri."

Da can ina ganin in likita ya ce babu magani, magana ta ƙare. Hajiya ce ta koya mini cewa wanda ya manta da kai ba ya ɓace ba ne gaba ɗaya, yana nan ciki, sai dai kada ka tsaya jiransa a babbar ƙofa, ka neme shi ta 'yar tagar da ya saba leƙowa. Yau mahaifiyata ta fara kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. Ba na gyara mata. Nakan zauna in tambaye ta yadda suke daka a gidansu na ƙauye, in jira.