Aikin da Ba Shi da Ɗinki

Shekara huɗu ke nan ana yawo da ni a Maruta, wai na bar ciyayya a ƙofar gidan Malam Sale don ina zargin an zuba min wani abu a tuwo. Ban taɓa tankawa ba, sai yau. Ni ban yi boko ba, 'yata Talatu ce ke rubutawa a wayarta, kuma sai ta karanta min na ji ko ta rage wani abu.

Tun muna samari muke haɗa kwano da Sale da sauran maƙwabta bayan magariba. Kwatsam sai ya zama loma biyu na ƙoshi. Ciki ya kumbura kamar ganga. Da safe in amayar da tuwon jiya, yana nan yadda na haɗiye shi.

Rannan na ci na gidan Sale, amai ya ƙwace min a wurin. Aka kai masa cewa na ce iyalinsa sun yi min sammu. Ban faɗa ba. Shi ma bai tambaye ni ba, ya dai daina turo kwanonsa gabana. Na naɗe buzuna na koma gida.

Mai kyamis ya ce olsa ce. Na sha magani har na gaji, ina ramewa, wando ba ya zama a ƙuguna.

A asibitin Birnin Kudu aka ce ciwon suga ne ya taɓa min jijiyoyi, tumbina ba ya tura abinci gaba da wuri. Nasu maganin ma bai riƙe ni ba, suka tura ni wani babban asibiti mai nisa. A can aka ba ni ƙwai na ci, aka yi ta ɗaukar hoton cikina ana jiran ya wuce. Ya ƙi.

Likita ya ce za su zura tiyo mai fitila ta bakina, su sassauta ƙofar tumbin daga ciki. Na tambaye shi ko abin yana yi.

"Baba, da yawa suna samun sauƙi. Wasu ba sa samu. Wasu kuma ciwon ya dawo musu."

Na ce masa wannan ai ba amsa ba ce. Duk da haka na sayar da shanun huɗata, na kwanta ina salati, cikina fal tsoro.

Da na farka na shafa cikin, ba yanka, ba ɗinki, sai zafin maƙogwaro. Na ce wa Talatu an cuce mu. Ta ce in bari mu gani.

Na fara da ruwa, sai koko, sai fate. Yanzu ina cin rabin malmala ta zauna. In na zarce, kumburin na dawowa, shi ya sa har yau ban saki jiki da shi ba.

Na gode wa Allah, na gode wa Talatu da likitocin. Duk mai suga da ke aman abincin jiya ya je asibiti, ya bar kyamis, ya kuma tsare likita da tambaya.

Saura kai, Sale. An ce min ka ce in da gaske an yi min aiki in ɗaga riga a ga tabo. Ba ni da tabo, tuwon da nake ci shi ne shaidata. Na san 'ya'yanka za su karanta maka wannan. Wa ya kawo maka maganar sammu? Kuma gobe bayan magariba zan zo da kwanona da buzuna. In shimfiɗa, ko in juya? Ka ba ni amsa da bakinka.